Naka Sai Naka? Yadda Muka Zaɓi Mai Shafa Mana Daɓen Gareji



Daɓen siminti da ba a rufe shi da komai ba, ba ya gajiya da fitar da ƙura. A share shi da safe, kafin la'asar wani farin gari ya sake kwantawa a kan kaya, mutum ya ɗora wa iska laifi alhali daɓen ne da kansa yake cinyewa yana zuba. Maginanmu suna da al'adar barbaɗa busasshen siminti a kan ɗanyen daɓe, su bi shi da cokalin gini har ya yi sumul yana ƙyalli. Ranar da aka gama yana da kyan gani, amma wannan fatar ta sama ba ta da ƙarfi, tayar mota da tsintsiya kuma ba sa tausaya mata. Ga kuma baƙin mai. In ya ɗiga, siminti ya shanye shi kamar yadda tuwo ke shan miya, babu sabulun da zai fitar da shi.

Haka garejin gidanmu a nan Jos ya zauna shekara shida. Da mota ce kaɗai a ciki, da mun ƙyale shi. Amma duk mai gareji a ƙasar nan ya san ɗakin ajiya ne da aka sa wa babbar ƙofa. A namu akwai buhunan masara da acca da ake aiko mana daga ƙauye, akwai keken ɗinkin Mama da yadinan mutane da take ajiyewa, ta nan kuma Kaka take bi in za ta fita shan hantsi, domin ƙofar gaba tana da matakala uku, gwiwoyinta kuwa sun daina yarda da matakala. Ƙura tana ɓata yadi, mai yana sa santsi, Kaka ta haura shekara 80. Kuɗin da muka ware, adashin Mama ne na shekara guda da ɗan abin da muka tara. In aikin ya lalace, babu wani asusun da za a sake fasawa.

Mun yi tunanin tayil, amma tayil yana fashewa in an kafa jak a kansa ko in akwai rami a ƙarƙashinsa. Tarazo yana da ƙarko, sai dai kaurinsa zai hana ƙofar ƙarfen rufuwa. Shi ya sa muka tsaya a kan shafin da ake kira efoksi, irin wanda kuke gani a wasu asibitoci da masana'antu, daɓe ya yi kamar an zuba masa gilashi.

Duk wanda ya taɓa liƙa karyayyen madubin babur da Araldite ya riga ya san efoksi. Bututu biyu ne, a matso kaɗan daga kowanne a gauraya, bayan ɗan lokaci abin ya zama kamar dutse. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Suwizalan, Pierre Castan, yana cikin waɗanda suka fara gano shi a shekarun 1930, a lokacin yana nema wa wani kamfani a Zurich abin da za a yi haƙoran roba da shi. Kamfanin Ciba ya fito da shi kasuwa da sunan Araldite a 1946. Na daɓe ma haka yake: bokiti ɗaya na ƙaro, ɗaya na maganin da ke daskarar da shi. Fenti yana bushewa ne in ruwan da ke cikinsa ya tashi ya bi iska. Efoksi kuwa haɗuwar sinadaran biyu ce take ƙarfafa shi, shi ya sa in an kuskure awo zai zauna da danƙo har abada, in kuma an gauraya aka tsaya hira, cikin kamar rabin awa bokitin ya ɗau zafi ya sandare da rolar a ciki. Ku riƙe wannan bambancin, domin a kansa duk zancen ya rataya.

Mutum uku muka yi magana da su, a cikin watan Agusta.

Na farko a Facebook muka gan shi, da hotunan daɓe masu walƙiya kamar ruwan tafki. Muka kira, ya tambayi faɗi da tsawo, muka ce mita biyar da mita shida, nan take ya yanka kuɗi, ya ce a tura kashi 70 cikin 100 gobe ya turo yaransa. Mun duba sunan kamfaninsa a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, muka same shi, wannan kuma abin yabo ne. Amma rajista tana nuna cewa akwai kamfani ne kawai. Muka roƙe shi ya zo ya ga wurin, ya ce babu buƙata, daɓe daɓe ne. Muka ce to ya nuna mana aiki ɗaya da ya yi a garin nan mu je mu gani, ya ce masu gidajen ba sa son baƙi. Daga nan muka yi masa godiya.

Na biyu shi ne ya sa muka zauna rubuta wannan. Ɗanmu ne a cikin zumunta. Ba za mu faɗi sunansa ba, shi ma ya san za mu rubuta, ya ce mu rubuta. Mai fenti ne, kuma gwani. Bangon da ya shafa ba ka ganin sawun rola a jiki, ba ya ɗiga wa mutane fenti a taga, ba ya cin kuɗin kaya. Da ya ji labari ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe da Kaka, ya ce, “Baba, ai wannan aikin gida ne, ba sai an kira bare ba.” Kuɗinsa bai kai rabin na mutumin Facebook ba. Muka tambaye shi yadda zai yi. Ya ce zai wanke daɓen da sabulu da ruwan asid, ya bar shi ya sha iska kwana ɗaya, ya shafa sau biyu, jibi mota ta shiga. Muka ce ya taɓa yi? Bai yi mana ƙarya ba. Ya ce bai taɓa ba, amma ya kalli yadda ake yi a waya, kuma ai hannu ɗaya ne da fenti.

Na uku wani makanike ne ya haɗa mu da shi, wani malami mai furfura daga ɗaya ɓangaren garin, wanda ya yi shekaru yana wannan aikin a masana'antu. Ku da kuka tashi a Jos bayan 2001 kun san abin da ake nufi in an ce ɗaya ɓangaren gari, kun kuma san akwai gidajen da ba a ƙetarawa a ɗauko ma'aikaci. Ya zo a kan babur, da guduma ƙarama, da leda, da salatif, da gorar ruwa. Bai yi maganar kuɗi ba sai a zuwansa na biyu.

Abin da ya yi a zuwan farko shi ne ya kamata ku koya, ko ku ne masu ba da aiki ko ku ne masu karɓa.

Ya fara bin daɓen yana ƙwanƙwasawa da guduma, taki ɗaya bugu ɗaya. Inda siminti ya kama, ƙarar a dunƙule take. A wurare biyu sai muka ji ta kamar ganga. Ya zagaye su da alli, ya ce nan fatar sama ta rabu da kankaren ƙasa, duk abin da aka shafa a kai tare za su ɓare, sai an fasa an cike. Sannan ya riƙa ɗiga ruwa daga gorarsa. A gefen bango simintin ya shanye nan da nan ya yi duhu. A tsakiya, inda injin mota ke tsayawa, ruwan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya kamar a kan ganyen gwaza. Ya ce, “Fasto, abin da ya hana ruwa shiga zai hana efoksi kamawa. Man nan ya nutse, sabulu ba zai kai wurinsa ba.”

Daga nan ya yanka leda gida huɗu, kowace kamar rabin mita ta kowane gefe, ya shimfiɗa a kusurwoyi, ya liƙe bakinsu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ya ce kada kowa ya taɓa sai ya dawo gobe. Wannan gwajin sananne ne, yana cikin ƙa'idojin gini na Amurka, kuma ana barin ledar aƙalla awa 16. Washegari uku suka fito a bushe. Ta huɗu, ta kusurwar da ke kusa da indararo, da ya ɗaga ta sai ga raɓa a cikinta, simintin ƙarƙashi ya yi baƙi. Ya tambaya ko an shimfiɗa leda a ƙasa kafin a zuba kankaren. Mun san ba a shimfiɗa ba, kamar yawancin gidajen unguwarmu. Ya fita waje ya duba, ya ga ruwan rufi yana zuba daf da tushen ginin. Bayaninsa mai sauƙi ne. Kankare yana numfashi. Danshin ƙasa yana hawowa ta cikinsa ya fita ta sama, ba wanda ya lura. Ranar da aka toshe saman da abin da ba ya barin ruwa wucewa, danshin zai taru a ƙarƙashi ya tura, shafin ya yi bororo kamar ƙunar ruwan zafi, ya fashe. Ya kuma ja mana kunne cewa ledar da ta fito a bushe ba rantsuwa ba ce, tana nuna halin da ake ciki ne a ranar kawai, shi ya sa ya ji daɗi da muka kira shi a tsakiyar damina, lokacin da daɓe ba ya iya ɓoye halinsa.

Sai ya faɗi abin da ya sa muka fara yarda da shi. Ya ce ba zai yi aikin a watan nan ba ko mun ninka masa kuɗi. Mu fara neman magini ya kau da ruwan rufin da bututu zuwa kwata, a cike wuraren nan biyu, a bar sabon simintin ya yi kwana 28 kamar yadda kowane sabon kankare ke buƙata kafin a shafa masa wani abu, a jira ruwa ya ɗauke ƙasa ta tsane. Ya ce ƙarshen Nuwamba ya fi, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi, kafin kuma sanyin Disamba da Janairu, domin efoksi ba ya daskarewa da kyau in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, daren Jos kuwa a lokacin yana iya kaiwa wurin. Mutumin da ke da iyali yana ture kuɗin da ake miƙa masa zuwa wata uku gaba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A kan ruwan asid kuwa, bai zagi kowa ba, ba mu ma gaya masa wanda ya kawo shawarar ba. Ya ce asid yana cin fuskar siminti kaɗan, amma ba ya cin mai, kuma sai an kwarara ruwa mai yawa an wanke shi, wato an ƙara wa daɓen danshin da ake gudu. Shi injin gurza yake amfani da shi, mai haƙoran daimon, ya kankare wannan fatar mai laushi gaba ɗaya har a kai ga kankare mai ƙarfi, fuskar ta yi kaushi kamar samfefa. Ya ce kwana biyu daga cikin biyar na aikin gurza ne da shara da cike tsaga, kuma a nan rabin kuɗin yake tafiya, a wurin da mai gida ba zai taɓa gani ba in an gama.

Yanzu ga lissafin da muke so kowannenku ya iya, domin ba ya buƙatar ka zama injiniya. Lita ɗaya in an baza ta a kan murabba'in mita ɗaya, kaurinta milimita ɗaya ne. Garejinmu biyar sau shida, murabba'in mita 30 ke nan. Ɗanmu ya rubuta galan biyu masu lita huɗu-huɗu, lita 8, da tina. Raba 8 gida 30, ka sami kaɗan fiye da rubu'in milimita, kuma wannan yana ɗanye. Abin da ya yi niyyar saya bokiti ɗaya ne, babu na biyu da za a gauraya, wato fentin daɓe ne da aka rubuta wa efoksi a jiki. In rabinsa ya tashi ya bi iska, abin da zai rage a ƙasa kaurinsa bai fi na takardar littafi da kaɗan ba. A kan wannan za a ɗora mota. Malam kuwa ya rubuta lita 6 na shafin farko mai jure danshi wanda siminti zai sha, lita 15 na babban shafi, lita 4 na shafin sama. Lita 25, ba tina. Da muka ajiye takardun biyu gefe da gefe, muka ga tazarar kuɗin ba ta zo daga son riba ba. Ɗaya yana sayar mana da ninki uku na kayan da ɗayan zai kawo, da injin da ɗayan ba shi da shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan ma ba araha ba ce, kaya biyu ne daban aka sa wa suna ɗaya.

Mun nemi ganin tsohon aikinsa. Ba na jiya ba, domin kowane daɓe yana da kyau a makon farko. Ya kai mu wani wurin gyaran motoci da ya shafa shekara uku da suka wuce, ya tsaya a waje ya bar mu da mai wurin. In kun je irin wannan dubawa, kada ku kalli tsakiyar ɗaki, ku je inda tayoyi ke tsayawa. Taya tana dawowa daga hanya da zafi, ta zauna a kan shafi ta tausasa shi, in ta huce ta tsuke ta damƙe shi, da safe in an ja mota sai ta tafi da shi, a bar faci huɗu tsirara. Shafi mai rauni a nan yake fara tonuwa. A wurin nan mun ga ƙarce, mun ga inda aka yar da ƙarfe ya ɗan ɓantare, amma wurin tayoyi lafiya lau. Muka tambayi mai wurin ko an taɓa samun matsala. Ya ce an samu, a bakin ƙofa, bayan wata biyar. Muka ce sai aka yi yaya? Ya ce ya kira, Malam ya zo a cikin mako ya gyara, bai karɓi ko sisi ba. Wannan amsar ta fi mana a ce ba a taɓa samun matsala ba. A bakin ƙofar kuma muka lura launin ya koma ruwan ɗorawa inda rana ke bugawa. Malam ya ce halin efoksi ne, hasken rana yana sauya masa launi, shi ya sa ya rubuta mana shafin sama na wani sinadari dabam da rana ba ta canzawa, tun da ƙofarmu gabas take kallo.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ɗanmu.

Kafin mu yanke shawara magana ta riga ta zaga. Mahaifiyarsa suna zumuntar mata tare da Mama, ta tare ta bayan sujada ta yi mata godiya tun ba a ba da aikin ba. Wani dattijo da muke girmamawa ya ja mu gefe ya ce kuɗin gida ya kamata ya zauna a gida, yaran nan suna yawo ba aiki, in mu ba mu ba su ba wa zai ba su? Ya ƙara da cewa, balle a ƙetare a kai wa wanda ba namu ba. Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma ta dame mu. Kowane gwani akwai ranar da wani ya yi kasada ya ba shi aikin farko. Mu da muke tsayawa muna ce muku ku koyi sana'a, ku daina jiran aikin gwamnati, in lokacin ba da aiki ya zo muka juya baya, me muka koya muku? Mun kwana biyu muna juya wannan da Mama.

Ga inda muka tsaya. Aikin farko ana ba mutum ne a inda kuskure ke gyaruwa. Bango in ya ɓaci, galan ɗaya ya rufe shi. Daɓen efoksi in ya ɓare, sai an ɗauko injin an kankare shi duka kafin a sake, kuɗin ya fi na farko. Muka hango watan Yuni: shafi ya tashi, adashin Mama ya tafi, ɗanmu ba shi da abin biya, mu kuma ba za mu iya kai shi ƙara ko mu matsa masa ba, domin ranar Lahadi a gabanmu zai zauna. Sai a yi shiru, shirun da ya fi faɗa ɓarna. Ya fara zama a bencin baya, daga nan a daina ganinsa. Mun ga irin wannan a kan ɗinki, a kan bashin taki, a kan gyaran mota, fiye da yadda za mu iya ƙirgawa. Masu iya magana da suka ce naka sai naka, ai ba su tsaya nan ba, sun ƙarasa da cewa daɗin zama sai bare. Sauran rabin maganar dattijon kuwa, ta wanda ba namu ba, ba mu karɓe ta ba, mun kuma gaya masa cikin ladabi. Danshin da ke ƙarƙashin daɓe bai san unguwar da mai shafin ya fito ba.

Ba mu aika masa saƙo a waya ba. Mun kira shi gida, aka ci abinci, sannan muka shimfiɗa takardun biyu a gabansa, muka yi lissafin litar tare. Muka kai shi kusurwar indararo muka sake liƙa leda, muka ce ya dawo gobe ya ɗaga da hannunsa. Muka ce, “Ɗana, bango da silin na garejin naka ne, a kuɗin da kake karɓa a ko'ina, ba ragi. Daɓen kuwa za mu ba wanda ya daɗe yana yi.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Baba, da kun ce ba ku yarda da ni ba kawai.” Muka ce mun yarda da amanarsa har mu bar masa makullin gida, hannunsa ne bai taɓa wannan aikin ba tukuna. Ya tashi ya yi sallama. Bai dawo ɗaga ledar ba.

Da Malam kuwa mun rubuta komai a takarda, da shaidu biyu, ɗaya nasa ɗaya namu. Wasu suna ganin rubutu rashin yarda ne. Mu muna ganin taimakon ƙwaƙwalwa ne, domin bayan wata shida kowa yana tuna abin da ya fi masa daɗi. Mun rubuta sunan kayan da yawansu, da cewa za a buɗe bokitan a gabanmu da hatiminsu, mu duba ranar lalacewarsu, domin maganin daskarewa yana tsufa. Mun rubuta gurza da inji, shafi uku, da barbaɗa busasshen yashi mai laushi a kan babban shafi tun yana ɗanye. Wannan na ƙarshe saboda Kaka ne. Efoksi sumul in ya jiƙe ya fi tayil santsi, mun gwammace ƙyallin ya ragu. Kuɗi kuma kashi-kashi: kafin alƙalami daidai kuɗin kaya, da rasit; wani kaso in an gama gurza mun gani da idonmu; wani in an gama shafi; kashi 10 cikin 100 kuma ya zauna a hannunmu har damina ta gaba ta wuce. Ya ɗan ja a kan wannan, ya ce wata tara ya yi yawa, muka ce ai shi ya koya mana cewa damina ce alƙali. Ya yi dariya ya sa hannu. Shi ma ya sa nasa sharaɗin: garantinsa ya shafi ɓarewa da bororo, bai shafi ƙarcen da muka yi da jan buhu ko ƙarfe ba, kuma in muka bar ruwan rufi ya koma gindin bango, babu ruwansa.

Mun roƙe shi abu ɗaya da ba ya cikin takarda, ko zai ɗauki ɗanmu a matsayin ɗan hannu na kwanakin aikin, mu biya ladan. Ya ce zai ɗauka, amma ba zai ba shi rola ba, injin gurza da tsintsiya zai riƙe. Muka aika wa ɗanmu. Bai amsa ba.

Aikin ya fara a makon ƙarshe na Nuwamba. Ku da kuke irin wannan sana'a, ku ji wannan da kyau. Ƙurar da ke tashi in ana gurza kankare irin ta wurin fasa dutse ce, tana taruwa a huhu ta haifar da ciwon da ba ya warkewa, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci kuma ba ya tare ta. Malam ya zo da takunkumi na gaske mai matata, da injin zuƙar ƙura a haɗe da na gurza. Janareto a waje ya ajiye shi, nesa da ƙofa, domin hayaƙinsa a rufaffen wuri yana kashe mutum ba tare da ya ji wari ba, kun sha jin labarin iyalan da aka wayi gari aka tarar. Maganin daskarewa kuma yana cin fata, da safar hannu suke taɓa shi. Mun kwashe masara da acca zuwa falo, Kaka ta yi mako tana mita a kan matakala.

A rana ta biyu da hantsi sai ga ɗanmu da kayan aikinsa. Bai ce mana komai ba, ya gaishe da Malam, aka miƙa masa takunkumi. Ya yini yana tura inji. Da azahar Malam ya nemi ruwa da wuri, Mama ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar mangwaro, ɗanmu ya zauna yana gadin kayan. A rana ta uku muna jinsa yana tambaya me ya sa ba za a yi shafin farko da safe ba tun da kowa ya iso. Malam ya ce kankare yana fitar da iska in yana ɗumama, ta huda shafin ta bar ƙananan ramuka kamar na allura, amma in rana ta karkata yana hucewa sai ya riƙa zuƙar shafin ciki. Saboda haka sai bayan la'asar suka gauraya, da sikeli, kaɗan-kaɗan, suka toshe bakin ƙofa da leda saboda ƙura. Bayan awa 24 aka yarda mu taka da ƙafa. Mota sai da ta kwana bakwai a waje.

Ɗanmu ya shafa bangon da silin bayan nan, ya karɓi kuɗinsa cif. Har yau in zancen ya taso yana cewa da mun ba shi da ya iya, mu kuma ba ma gardama da shi. Mahaifiyarsa ta yi wata biyu tana gaida Mama a tsaitsaye. Dattijon bai sake tayar da maganar ba, bai kuma janye ta ba. Mun ji cewa Malam ya kira ɗanmu aiki sau biyu tun daga lokacin, na biyun a Bukuru, kuma a can ya ba shi rola.

Damina ta zo ta wuce. A cikin Agusta wani ɗan wuri kamar tafin hannu ya kumbura a kusurwar indararo, daidai inda ledar ta nuna. Muka kira Malam, ya ce a bari ruwa ya ɗauke. A Oktoba ya zo ya yanke wurin, ya bar shi a buɗe kwana goma ya bushe, ya cike. Facin yana nan, launinsa ya ɗan fi sauran haske, buhun acca ne a kansa yanzu. Ranar muka ba shi kashi goman da ya rage, ya ƙirga, ya sa hannu a bayan takardar.